Ranar da Waya Ta Ja Mana Addu'a a Marwa

Shafi na 14

Ni na fara ji, ni na fara gani. Kafin askarawan Harami, kafin masu ɗaukar bidiyo, kafin shi kansa Hosnan da abin ya faɗo wa a ka. Duk wanda ya ce muku ya riga ni, ku tambaye shi inda yake tsaye a lokacin.

Masu aiko mini saƙo kuna cewa "Mbah Sahri, ka bar mu a rataye," ku yi haƙuri. Ni ban san alif ba ko da ya kai tsawon hasumiyar agogo. Sai 'yata Juhairiya ta sauke tukunya sannan take zama ta rubuta abin da nake faɗa, ga shi mijinta ne a cikin ruwan zafin.

Wanda ya shigo yau, ga inda muke. Hosnan surukina ne, jagoran masu umara a kamfanin da na yi wa aiki har ƙafafuna suka ce sun gaji. Yaron kirki, amma Larabcinsa bai wuce na sayen burodi ba. Manajan kamfani, Pak Darwis, ya ɗora wa duk jagorori wata manhajar koyon Larabci a waya, muna kiran ta Ustaz Kore saboda koren rawanin da ke jikin hotonta. Ya ce wanda ya yi wasa da aiki ya ajiye katin aikin da ke wuyansa. Katin nan kuwa shi ke riƙe da igamar Hosnan, wato takardar izinin zamansa a ƙasar nan. In kati ya faɗi igama ta faɗi, jirgi ya kwashe shi da Juhairiya da jikokina zuwa Madura, tsibirin da muka fito, a bar ni a unguwar Misfala ina hira da bango.

Sai ga wani tsoho cikin ayarinsa, Pak Matrawi, ya ɓace bayan la'asar. Hosnan ya bi lungunan garin nan yana kwala kiran sunansa har muryarsa ta mutu. A Makka dama raƙumi ne kaɗai ba ya tari. Gari ya waye ba Matrawi, ba murya, ga ayari ya riga ya ɗaura ihrami don umara ta biyu.

To a nan na tsaya muku jiya.

Ni aikina yanzu guda ɗaya ne. Ina tsayawa a Marwa da almakashina, in mutanenmu sun gama sa'ayi in ba su su yanke gashi su fita daga ihrami. Almakashin nan ya girmi Pak Darwis.

Mutanenmu kuwa kun san su. Abin da jagora ya faɗa da Larabci shi za su maimaita, kalma bayan kalma, ba tambaya. Ko atishawa ya yi, za ka ji wata tsohuwa a baya ta ce amin. A zamaninmu da maƙogwaro muke ja musu. Yanzu kowa an sa masa abu a kunne, jagora yana magana a ɗan akwati suna ji.

Da Hosnan ya ga ba murya, sai ya yi dabara. Ya jona wayarsa da akwatin, ya kunna darasin addu'o'in sa'ayi. Ustaz Kore kuwa haka yake koyarwa, ya faɗi jimla ya yi shiru ka maimaita, ya ƙara wata. Sak jagora. Abu ya tafi lafiya lau daga Safa zuwa Marwa, daga Marwa zuwa Safa. Hosnan yana gaba da tuta, wayar tana cikin jakar bayansa, idonsa yana kan taro yana neman koren gyalen Matrawi.

Abin da ya manta shi ne Ustaz Kore ba ya gajiya. In darasi ya ƙare, na gaba yake shiga.

Ina tsaye na hango su sun wuce korayen fitilu a zagayen ƙarshe, mutum kusan arba'in, tsofaffi maza da mata, kowa ya riƙe gefen mayafin na gabansa, hawaye shaɓe-shaɓe. Na kasa kunne. Shekara hamsin da ɗoriya ina jin addu'o'in wurin nan, ko a mafarki aka canza wasali sai na farka. Abin da na ji da Larabci garau shi ne:

"Ya askar, don Allah ka taimake mu."

Na ce a raina, wannan ba ta cikin waɗanda na sani.

"Mutum ɗaya ya ɓace mana."

Amin, in ji na baya.

"Tsoho ne, ba ya jin Larabci. Da koren gyale a wuyansa. Sunansa Matrawi."

Jama'a, darasin kai rahoton ɓataccen alhaji ne. Akwai gurabe a ciki da mai koyo ke cikewa, Hosnan ya cike su da asuba yana gwada bakinsa. Har sunan masaukinmu da layin da yake ya sa.

Da matar tsohon, Nyai Busiya, ta ji sunan mijinta a kunne, sai ta ɗauka jagora ne ya sa shi a addu'a. Ta ɗaga murya sama da ta kowa. Sauran mata suka ga ta fashe, su ma suka fashe.

Larabawa suka fara juyowa. Wani Bamisire ya tsaya da buɗaɗɗen baki. Wayoyi suka tashi sama.

Sai a lokacin kunnen Hosnan ya kama. Na ga fuskarsa ta koma kamar ihramin jikinsa. Ya juyo yana ɗaga hannu biyu yana kaɗawa, wai su yi shiru. A wurin mutanenmu kuwa in jagora ya ɗaga hannu haka, cewa yake a ƙara murya.

Suka ƙara.

Da sunan otal, da sunan layi, da "Allah Ya saka maka da alheri ya askar," duk sai da suka kai ƙarshe kafin ya iya ciro wayar daga jaka.

Askarawa biyu suka nufo mu. Wa ya tare su? Ni. Ni da na fito daga gobarar Mina da rabin gemu, ni da aka zaro daga turmutsitsin ramin hanyar Mina ana zaton gawa ce, askar ne zai kaɗa mini hanji? Na yi musu bayani da Larabcin da na koya a bakin direbobi da masu dako. Ɗayan ya dinga cije leɓe yana danne dariya, amma ya ɗaga rediyonsa ya faɗi sunan Matrawi. Na ba mutanena almakashi suka yanke gashi. Wani malami da ke cikin ayarin ya raɗa mini cewa sa'ayi dai ya yi, addu'ar ba sharaɗi ba ce. Muka koma masauki, tsofaffi suna ta cewa ba su taɓa jin daɗin ibada irin ta yau ba.

Kafin azahar bidiyon ya zaga Makka. Kafin la'asar ya kai Surabaya, can ƙasarmu.

Pak Darwis ya aiko a kira Hosnan ofishinsa da ke cikin otal ɗin. Ba a kira ni ba, na bi shi. Gidan da na taya ɗora tubalinsa ba a yi mini iso.

Muna shiga ya juyo mana da fuskar wayarsa, ga tsofaffinmu suna kuka suna kiran askar. Ya ce duk masu kamfanoni sun turo masa da hoton dariya. Ya ce an mai da sunan da ubansa ya gina abin wasa a wuri mafi tsarki a duniya. Ya yi ta faɗa har kumfa ta taru a gefen bakinsa. Hosnan yana tsaye kai a ƙasa, in ya buɗe baki sai iska ta fito.

"Cire katin," in ji Pak Darwis.

Hosnan ya kai hannu wuya, hannun ya ƙi.

Pak Darwis ya duba teburinsa bai ga abin yanka ba. Ya miƙo mini hannu. "Mbah, ara mini almakashinka."

Na ce, "Na fita daga ihrami ne, Pak, ba na fita daga arziki ba."

Ya zare shi da kansa daga aljihun rigata. Na bar shi, don ban saba kokawa da yaran da na goya ba. Ya kamo igiyar katin a wuyan Hosnan.

Na ce, "Kai ka kawo Ustaz Kore gidan nan ko ni?"

"Na kawo shi a koyi Larabci, ba a ja sa'ayi ba."

"To ai an koya. Mutum arba'in a zama ɗaya. Wane malami ne ya taɓa yi maka haka?"

Bai yi dariya ba. Ya ce ni tsoho ne, ya girmama ni saboda ubansa, in fita. Ina shirin ba shi amsar da ta dace da shi aka turo ƙofa.

Nyai Busiya ce, da ɗan ƙullin dabino a hannu, bayanta rabin ayarin sun cika baranda. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, in iska ta yi ƙarfi sai a riƙe ta, amma a ƙauyensu ita ke wankan gawa ita ke karɓar haihuwa, ba wanda ke tsallake maganarta. Ta ce ta zo yi wa jagora godiya ne, tunda ya tuna da mijinta a gaban Allah. Sai ta ga almakashi a wuyan yaro. Ta dube shi, ta dubi manaja.

Ni ta juyo wa.

"Mbah Sahri, kai ka daɗe a garin nan. Addu'ar ƙarshen nan, wadda Larabawa suka juyo suna kallonmu, mene ne fassararta? Ina so in koya wa jikokina."



Pak Darwis ya ƙifta mini ido. Ya ce da sauri, addu'ar neman tsari ce ga matafiyi, ko ba haka ba Mbah? Ya ɗan sassauta igiyar katin yadda zan gani. Na gane cinikin. In rufa masa asiri a gaban baƙi, wataƙila ya bar yaron.

Na dubi Hosnan. Na tuna jikokina. Wallahi zuciyata ta ce in ce e.

Sai yaron ya girgiza mini kai. Ba murya, katinsa a bakin almakashi, amma ya girgiza kai.

Na ce to, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na fassara mata tas, jimla bayan jimla, da yarenmu na gida. Askar, ɓataccen tsoho, koren gyale, sunan otal. Na gaya mata ba jagora ne ya ja ba, waya ce, darasin da yaron ya cike da asuba. Na ji baranda ta ɗauki salati. Wata ta ce wato kukan da ta sha duk a kan askar ne. Wani tsoho ya ce shi dama ya ji addu'ar ta yi masa sabuwa.

Nyai Busiya ta dubi Hosnan. Can ta ce, "Me ya sa yaron yake koyon wannan da asuba? Ba a riga an gaya wa hukuma tun jiya ba?"

Pak Darwis ya ce ana kan bin matakai.

A nan ne na buɗe tukunyar da na zo da ita a rufe. Juhairiya ta gaya mini tun safe, don a gabanta aka buga wa mijinta waya. Na ce, "Nyai, ba a gaya wa kowa ba. Manaja ya ce a nema a ɓoye, kada sunan kamfani ya shiga bakin hukuma a ce mun yar da alhaji. Yaron nan ya nema a ɓoye har muryarsa ta ƙare. Da ya ga ba ci, ya ƙudura zai je wurin askar da kansa ko da za a kore shi, shi ne ya zauna yana haddar abin da zai faɗa. Bai samu muryar faɗa ba. Ku kuka faɗa masa."

Pak Darwis ya ce, "Mbah, ka san abin da kake yi kuwa?"

Na ce, "Tun kana tsumma."

Tsohuwa ta ajiye ƙullin dabinon a kan tebur a hankali. Ta tambaye ni ko Larabawan da suka juyo sun gane abin da suke cewa. Na ce sun gane sarai, har askar ya faɗa a rediyo.

Ta ce, "Allah dai na san Yana ji na da kowane yare, tun jiya nake gaya masa. Mutanen garin nan ne ba sa ji na. Na tare mutum ya fi a ƙirga ina nuna musu hoton tsohon nan, sai su yi murmushi su wuce. Yau na yi magana sun juyo." Ta dubi manaja. "Shi ne za ka yanke wa yaron wuya?"

Ya ce kati zai yanke ba wuya ba.

Ta ce a wurin mai iyali duk ɗaya ne.

Baranda ta fara guna-guni. Pak Darwis ya ga idanu sun yi masa yawa, ga wayoyi a hannun mutane, ya san bidiyo na biyu ya fi na farko ciwo. Amma girman kai bai bar shi ya saki ba. Ya ce shi mutum ne mai adalci. Ya ce tunda ana ganin haukan nan ya yi amfani, to a gani a ƙasa. In Pak Matrawi ya tako cikin otal ɗin nan kafin a kira magariba, Hosnan ya riƙe katinsa. In ladan ya riga shi, kati ya yanku, kuma kada wanda ya ƙara zuwa masa da roƙo.

Na ce a shaida. Aka shaida.

Muka sauko zauren otal gaba ɗaya muka zuba wa ƙofar gilashi ido. Pak Darwis ya zauna da almakashina a cinya, Hosnan a gefensa kamar ragon da aka ɗaure. Ni na ja kujera har bakin ƙofa, don ban yarda da idon kowa ba sai nawa.

Rana ta fara sauka bayan duwatsu. Ba a jima ba sai ga wani Bayamane mai shayi riƙe da hannun wani tsoho mai koren gyale. Ya ce ya ga bidiyo, ga mutuminku. Zaure ya tashi da kabbara.

Nyai Busiya ta leƙa ta ce ba shi ba ne.

Ashe na wani kamfani ne, shi ma tun safe yake yawo. Aka ba shi ruwa aka zaunar.

Can sai ga mai tasi ya yi fakin a karkace, ya fito da wani tsohon, shi ma koren gyale. Aka sake tashi.

Ba shi ba ne.

Na ce wa Pak Darwis ya buɗe reshe, kamfaninsa ya zama matattarar ɓatattu. Ya ce in ji da kaina. Ya duba agogo ya gyara riƙon almakashi. Na ga Hosnan ya rufe ido, leɓensa yana motsi. Juhairiya ta iso da ƙaramin ɗanta a goye ta tsaya daga nesa, ta kasa ƙarasowa. Masu shaguna a layin suka fara ja da ƙofofinsu. Na ji lasifikar Harami ta yi ƙaras, irin wanda take yi in an kunna ta.

Sai wata tsohuwar motar ɗaukar kaya ta tsaya a tsallaken titi, bayanta cike da kwalayen dabino. Direban ya zagayo ya buɗe ɗaya ƙofar. Ba mu ga fuskar wanda ke ciki ba, motoci suna gilmawa. Tari kawai muka ji. Wani dogon tari mai jan ƙarshe kamar ana tuƙa tsohon keke.

Nyai Busiya ta sunkuya ta cire takalminta ɗaya ta riƙe a hannu.

Ba wanda ya ƙara tambayar ta ko shi ne.

Ga Pak Matrawi yana tsallako titi a hankali, gyale a wuya, jakar dabino a kafaɗa, kumatu sun yi sheƙi. Daga baya muka ji motar wasu ya hau ta sauke shi kasuwar Kakiya, mai dabinon nan da ya kawo shi ya ba shi wurin kwana ya cika shi da shinkafa da rago, sai da ɗan'uwan mai dabinon ya nuna masa bidiyo ya san inda zai kai shi. Mu muna nan rai a hannun Allah, shi yana tafe yana sakace.

Zaure duka yana yi masa hannu ya yi sauri. Shi kuma ya ɗauka gaisuwa ce, ya tsaya a kan matakala yana ɗaga mana hannu.

Na ce, "Tako, tsohon banza, tako!"

Ya ɗaga ƙafa.

Ladan ya ce Allahu Akbar.

Takalmin Nyai Busiya ya sauka a kafaɗar mijinta, ta riƙe rigarsa tana duka tana kuka. Mutane suka rufe su. Ni kuwa na waiga, sai na ga Pak Darwis ya miƙe, ya kamo igiyar katin Hosnan, ya sa ta tsakanin bakin almakashina.

Ya ce, "An riga an kira. Kowa ya ji."

Na ce, "Ƙafarsa ta dama tana ciki."

Ya ce, "Wa ya gani?"

Mutanen zaure suka dubi juna. Duk idonsu yana kan fuskar tsohon a lokacin, ba wanda ya kalli ƙasa. Ni kaɗai ke zaune a bakin ƙofa, idona a kan ƙafar mai shigowa.

Na ce, "Ni."

Ya ce, "Surukinsa? Mai shekara kusan tamanin, mai hakiya a ido?"

Ya fara matse almakashin. Igiyar dai har yanzu ba ta yanku ba, magana ta tsaya a kan shaidar idona.

To ku ji ni da kyau, ku da ke karantawa, da shi, da duk mai irin tunaninsa. Idon nan da ya raina shi ya hango tudun Jidda daga jirgin ruwa kafin matuƙi ya hango. Shi ya ga hayaƙin Mina kafin a yi ihu. Na ga silifa shuɗi mai tsinkakkiyar igiya ya sauka a kan tayil ɗin otal, sannan ladan ya ja numfashi. Wanda ya ce ƙarya nake, Misfala ba ta ɓuya ba. Ya zo bayan masu gasa burodi ya tambayi gidan Mbah Sahri, ya tsaya a ƙarshen layi ya ɗaga yatsunsa. In na kasa faɗa masa ko nawa ne, ni da kaina zan riƙe wa Pak Darwis igiyar ya yanke.